Tarihin Zanen Da Ba Ya Kama Da Kome

Wanda ya bi titin Zariya a Kano ranar Juma'a da hantsi, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har tashar Unguwa Uku, zai wuce zane iri iri fiye da yadda zai iya ƙidayawa. Akwai shi a jikin hulunan da a ke talla a bakin titi, akwai a ƙirjin manyan riguna, akwai a ƙyauren ƙarfe na gidajen Tarauni, har da hannuwan 'yan matan da suka sha lalle. A cikin wannan duka da wuya a sami siffar mutum ko ta doki. Layuka ne kawai, waɗansu miƙaƙƙu, waɗansu a murɗe, da kusurwoyi da da'irori da launuka. Ba kuwa wanda zai tsai da mai hula ya ce masa, "Malam, wannan hoton mene ne?" Kowa ya san ba hoton kome ba ne, kyaunsa a ke dubawa.

To, wannan tambaya da Bahaushe ba ya yi, ita ce ta raba kan masu zanen Turai shekara da shekaru. Irin zanen da suka yi ta jayayya a kansa shi ne wanda za a kira zane marar kama, watau wanda a ke yi da launi da layi kaɗai, ba a kwaikwayi siffar wani abu da ido ya sani ba.

Tun daga wajen shekarar 1400 Turawa suka ɗauka kama ita ce gwaninta. Gwani a wurinsu shi ne wanda zai zana sarki har matarsa ta gane shi, ko ya zana 'ya'yan itace har mai kallo ya haɗiyi yawu. Yaro ya kan yi shekaru yana koyon yadda inuwa ke faɗuwa, da yadda abin da ke nesa ke ƙanƙancewa. Ana nan a kan haka, sai a shekarar 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto da na'ura a birnin Faris. Aikin da gwani zai yi wata guda yana fama da shi, sai ga wani ɗan akwati yana yinsa cikin 'yan mintoci. Daga nan waɗansu samari masu zane suka fara tambayar kansu, in dai kama ce abin nema, ai na'ura ta riga su, to, me ya rage wa hannu?

Amsar ba daga Turai kaɗai ta fito ba. A 1907 Pablo Picasso, mutumin Sifen da ke zaune a Faris, ya shiga wani gidan ajiye kayan al'adu ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, ya lura masassaƙan ba su damu da auna hanci da ido daidai ba, amma aikinsu yana da kwarjini. A 1910 kuma aka yi wani babban nuni a birnin Munik na ƙasar Jamus, aka baje kayan ƙasashen Musulmi fiye da 3,000: dardumai, da tasoshi, da takubba, da littattafai masu zayyana daga Farisa da Masar da Turkiyya. Henri Matisse ya taso takanas daga Faransa don ya gani.

A cikin mazauna Munik a lokacin akwai wani mutumin Rasha mai suna Wassily Kandinsky. Shari'a ya karanta, sai da ya kai shekara 30 sa'an nan ya bar ta ya kama fenti. Shi da kansa ya ba da labari cewa wata rana da almuru ya shiga ɗakin aikinsa, ya hangi wani zane jingine da bango, mai kyaun da bai taɓa gani ba, ba ya kuwa gane kome a ciki sai launuka suna haske. Da ya matsa kusa, ashe aikinsa ne na kansa, an jingine shi a karkace. Da gari ya waye ya sake dubawa, sai idonsa ya riƙa tsinto abubuwan da ya zana a ciki, kyaun nan kuwa ya ɓace. Daga nan ya yanke cewa siffar abu ita ke ɓata masa zane. A ganinsa launi yana iya taɓa zuciya kai tsaye, kamar yadda busar sarewa ke taɓa ta ba tare da ta faɗi kalma ko ɗaya ba. Wajen 1911 zuwa 1913 ya fitar da zane-zanen da ba a iya nuna kome a cikinsu a ce ga doki, ga gida.

Abokinsa Paul Klee ta wata hanya ya bi. A watan Afrilu na 1914 ya tafi ƙasar Tunis tare da abokai biyu, suka yi kamar mako biyu, har suka isa Ƙairawan. Wannan gari ba baƙo ba ne ga almajiran ƙasar Hausa, gama nan ne garin Ibn Abi Zaid, mawallafin Risala. Klee ya zauna a wajen ganuwa yana zana birnin, amma maimakon ya bi gida gida, sai ya yanka takardarsa ƙananan murabba'i, kowanne da launinsa, sai can a tsakani a ɗan hangi ƙubba. Ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa a nan ne launi ya kama shi.

Sauran sun biyo da sauri. A 1915 Kazimir Malevich ya rataya baƙin murabba'i a kan farin fili, ya ce zane ke nan. Piet Mondrian na Holan ya taƙaita aikinsa ga baƙaƙen layuka a tsaye da a kwance, da ja da rawaya da shuɗi. Bayan yaƙin Hitila, a Amurka, Jackson Pollock ya shimfiɗa ƙyallensa a ƙasa yana zuba masa fenti da sanda. Akwai ma wata mace 'yar Suwidin, Hilma af Klint, wadda ta riga su duka tun 1906, amma ta bar wasiyya kada a nuna aikin sai shekara 20 bayan mutuwarta, saboda haka aka daɗe ana ba maza lambar da ta kamata a ba ta.

A ƙasar Hausa ba a yi wannan jayayya ba, don ba a taɓa ɗaukar kama a kan ita ce gwaninta ba. Malamai sun ƙi a riƙa siffanta abu mai rai, saboda haka hannun mai fasaha ya karkata ga layi da ƙulli da launi tun da daɗewa. Yaro ya kan fara ganin haka tun a makarantar allo. In ya yi sauka a kan yi masa allon zayyana, a rubuta ayoyi a tsakiya, a kewaye su da gidaje gidaje da tawada baƙa da ja da rawaya da kore, kowane gefe yana amsa wa ɗan'uwansa. Hannun da ya iya wannan kuwa shi ne sau da yawa ke zana aikin riga. Mai zane ya kan ɗauki alƙalami da tawada ya shata aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin saƙi, sa'an nan maɗinki ya bi sawunsa da allura da zaren tsamiya, wani aikin har ya ci watanni. An ce musu aska, gaskiya ne, amma ba wanzamin da zai ga askarsa a ƙirjin riga. Sunan dai marfi ne kawai, don mai saye da mai ɗinki su san abin da su ke ciniki a kai.

Inda abin ya fi ƙasaita shi ne a jikin bango. Magini ya kan tayar da soro da tubali, ya yaɓe shi da birji, tun yaɓen yana ɗanye ya shiga murza shi da hannu, yana tayar da wani wuri, yana nutsar da wani, har dagi ya fito a bisa ƙofar zaure, layi ɗaya yana shiga yana fita ba a ga farkonsa ko ƙarshensa ba. In ya bushe sai a shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke ba bango jan launin nan mai duhu, ta kuma kare shi daga ruwa. Wanda ya fi hali ya kan sa a yi masa laso. Laso kuwa haɗi ne na katsi, watau laka da ke kwantawa a gindin karofi, wadda a ke busarwa a ƙona a daka, da gashin awaki daga wurin majema, da dafara. Ashe ke nan bango guda na attajirin Kano yana ɗauke da gumin marini da na majemi da na magini gaba ɗaya. Ba a kuwa buƙatar fenti mai yawa, don rana ita ke ƙarasa aikin: da safe inuwa ta faɗi ta wannan gefe, da la'asar ta koma wancan, zanen ya sake fuska.

Mafi shahara a cikin maginan nan shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Ya ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa, ya rufe da ɗaurin guga, ya yi wa ginshiƙai ado da manyan layuka masu zurfi da kusurwoyi da da'irori. Masana gini na ƙasashen waje da suka auna masallacin sun sa shi cikin manyan gine-ginen ƙasa na Afirka. Labarin baka ya ce wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani irinsa. Ko ma dai yaya ne, sunansa ya tsira, har akwai unguwa a Zariya da a ke kira da shi. Maginan da suka yi dubban zauruka a Kano da Katsina da Damagaram, galibinsu ba wanda ya rubuta sunansu.

A nan ya kamata a yi hattara. Ba daidai ba ne a ce Turawan nan daga Kano suka kwaso, don ba ɗayansu da ya taka ƙasar Hausa. Ba kuma abu ɗaya ne sak su ke yi da magini ba. Magini yana bin abin da ya gada, ya ƙara nasa kaɗan, kuma maigida ke faɗin abin da ya ke so. Shi kuwa mai zanen Turai burinsa ya fito da abin da ba wanda ya taɓa yi, ya sa hannu a ƙasa. Amma a kan asalin maganar, watau cewa layi da launi sun isa su ƙayatar da mutum ba tare da sun kwaikwayi kome ba, magini ya riga Kandinsky sani da ɗaruruwan shekaru.

Abin mamaki shi ne yadda zanen Turawa ya shigo Nijeriya. Daidai lokacin da samarin Faris da Munik ke gudun kama, a Ikko wani Bayarabe mai suna Aina Onabolu yana ta fama ya koye ta. Ana cewa baƙin mutum ba ya iya zana fuska ta fito sak, shi kuwa ya yi niyyar ƙaryata wannan magana. Ya tafi Landan a 1920 ya yi karatu, ya komo ya shiga koyarwa a makarantu. Ya yi abin da zamaninsa ke buƙata, amma sakamakonsa shi ne ɗan makarantar boko ya taso yana ganin zane na gaskiya shi ne na fensir da inuwa, na jikin bangon gidan ubansa kuwa aikin hannu ne kawai.

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kawo shi Zariya, kusan mil 100 daga Kano. Wannan kwaleji ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Galibin malaman Ingilishi ne, tsarin karatun ma na Ingila ne. Amma a cikinsu akwai mace ɗaya 'yar Nijeriya, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano, iyayenta kuwa mutanen ƙasar Edo ne. Ta yi karatun zane a Landan, ta koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964. A 1960 ta yi wani zane marar kama da launukan ƙasa, yana cikin na farko irinsa da ɗan Nijeriya ya yi da fentin Turawa. Yana ajiye a Jami'ar Birmingham ta Ingila.

Ɗaliban da ta tarar ba masu kwanciya ba ne. A 1958, saura shekara biyu a sami mulkin kai, waɗansu daga cikinsu suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da waɗansu. Tawayen nasu ba na jifa ba ne. A aji su yi abin da malami ya ce don su ci jarrabawa, in an tashi su taru su yi ta muhawara, in an ba da hutu kowa ya koma garinsu ya binciki zanen kakanninsa. Uche Okeke ya bayyana manufarsu a 1960: kada a yar da dabarun Turawa, kada kuma a haɗiye su ɗungurungum, a ɗaura su a kan na gida, kamar yadda mai lambu ke yi wa mangwaro aure. Shi Okeke a Kafanchan ya tashi, amma ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, watau siraran layukan da matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, ya mai da su tushen aikinsa. Bayan yaƙin basasa ya kai wannan hanya Jami'ar Nsukka, ta yi rassa. Wanda ya fi duban abin da ke gabansa a Zariya shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe, tsohon ɗalibin Kwalejin Keffi, wanda ya gwada shigar da adon ginin Hausa cikin zanensa. Ƙungiyar ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse da manyanta suka gama karatu.

A cikin waɗannan shekaru kuwa, a birni da Tudun Wada, 'yan mil kaɗan daga kwalejin, magina sun juya wata fuska dabam. Kuɗin gyaɗa da auduga sun shigo, siminti ya samu, 'yan kasuwa suna gasar ƙawata fuskar gida. Sai ga keke a jikin bango, ga mota, ga agogo, ga jirgin sama, ga takobi da bindiga, duk a tsakiyar dagi. Anthony Kirk-Greene ya buga ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a Kaduna a 1963. Watau ɗan kwaleji yana barin kama yana neman layin gargajiya, magini yana barin layi tsantsa yana neman kama, kowa ya nufi inda ɗan'uwansa ya fito, suka wuce juna a hanya ba su gaisa ba.

Dalilin rashin gaisuwar ba ɓoyayye ba ne. A cikin sanannun 'yan ƙungiyar nan babu Bahaushe ko ɗaya. Shiga kwaleji sai da takardar sakandare, makarantun sakandare kuwa kaɗan ne a Arewa a lokacin, 'yan kaɗan ɗin da suka fito kuma aikin gwamnati na jiransu. Ɗan magini a bayan ubansa ya ke koyo, ba ya jin Turanci. Iyaye da yawa kuma da sun ji an ce zane, sai hankalinsu ya tafi ga gumaka. Saboda haka masu gadon ba su shiga ajin ba, waɗanda suka shiga kuwa kowa da nasa gadon.

Abin da zai iya faruwa da sun shiga, an gan shi a Sudan. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a Landan, ya komo a 1957 ya baje aikinsa irin na Turawa a Hartum, mutane suka zo ranar buɗewa, ba su sake komowa ba. Wannan ya dame shi. Ya shiga duban abin da mutanensa ke ratayawa a ɗakunansu, sai ya ga rubutun Larabci ne da ado irin na allo. Ya koma ga baƙaƙen da ya koya yana yaro, yana ja musu wutsiya, yana buɗe cikinsu, har suka daina karantuwa suka zama siffofi. A 1961 aka nuna aikinsa a Badun, a 2013 kuma babban gidan nunin zane na Tate Modern a Landan ya tara ayyukan rayuwarsa ya baje. Allon da ya ɗauka ɗan'uwan allon zayyana ne na Kano, ba bambanci sai na suna.

Zariya dai ba ta daina fitar da gwanaye ba. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kan tsinka fenti ya zuba, ya bar shi ya gangara inda ya ga dama, sa'an nan ya bi da hannu ya sarrafa abin da ya fito. Da wannan hanya ya yi wa sarakunan soja shaguɓe a zamanin da faɗin magana a fili ke da haɗari. Ya rasu a haɗarin mota a 1995. Jerry Buhari, haifaffen 1959, ya ci gaba a wannan sashe, yana zane a kan lalacewar ƙasa da muhalli. A 2025 gidan Tate Modern ya buɗe babban nuni a kan masu zanen zamani na Nijeriya, 'yan Zariya suna cikin manyan waɗanda aka nuna.

Bangon ƙasa kuwa ba a iya naɗe shi a kai Landan. Yana son yaɓe bayan damina, in aka yi sakaci shekara biyu ko uku sai dagi ya fara narkewa, zanko ya karye. Tsohon masallacin Babban Gwani a shekarun 1970 aka rufe sashensa da sabon gini na siminti, aka kuma gina kwafinsa a gidan ajiye gine-ginen gargajiya na Jos. A Kano, mai son ganin aikin magina na dā sai ya nufi Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa, ko fadar Sarki, ko ya kutsa lungunan cikin birni inda waɗansu zauruka suka rage. Unguwannin titin Zariya kuwa, su Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, a zamanin bulo da kwano suka cika, saboda haka galibin gidajensu ba su taɓa sanin makuba ba. A can dagi ya sauka daga bango ya koma hannun masu walda, suna lanƙwasa shi da rodi a jikin ƙyaure da tagogi.